Ranar Da Waya Ta Yi Shiru

Mai karatu, ni ɗan wani ƙauye ne a ƙasar Faskari, mahaifiyata 'yar Ƙanƙara ce, yayata kuma tana aure a Sabuwa. Na fara da wannan bayani ne don ka san cewa garuruwan nan uku, waɗanda wasu ba su jin sunansu sai a labaran rediyo in an yi ta'asa, a wurina gida ne, kuma a kansu zumuncinmu yake zaune kamar tukunya a kan duwatsun murhu. An haife ni shekara biyu bayan shigowar wayar salula Nijeriya a 2001, saboda haka ban riski zamanin da ake ba direba wasiƙa a tasha ba. Na tashi na tarar kullum bayan isha'i Inna takan zauna a bakin ƙofar ɗakinta da 'yar wayarta mai tocila, ta gaisa da tsohuwarta a Ƙanƙara, sa'an nan ta kira 'yarta a Sabuwa, kana ta shiga ta kwanta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, amma mu 'yan zamanin nan a waya muka same ta.

A farkon watan Satumba na 2021 hukuma ta ba da umarnin rufe layukan waya a Jihar Zamfara, bayan kamar mako guda kuma aka rufe na ƙananan hukumomi 13 a Jihar Katsina, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Dalilin da aka bayar shi ne 'yan bindiga na amfani da waya wajen magana da masu kai musu rahoto, da kuma cinikin kuɗin fansa. Duk wanda ya san abin da ya auku a Ƙanƙara daren 11 ga Disamba 2020, sa'ad da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya, ba zai ce wannan dalili ba shi da tushe ba. Ni dai ban ɗauki alƙalami don in yi shari'ar matakin ba, akwai waɗanda suka fi ni sanin wannan fanni. Abin da nake so in faɗa shi ne abin da na gani da idona a watannin nan uku, watau yadda gari yakan zama in aka raba shi da muryarsa, da kuma wata dabara da na ji labarinta daga baya, wadda har yau ta ƙi fita daga raina.

Kwanakin farko abin ya zo mana kamar wasa. Za ka ga magidanci ya zaro waya daga aljihu ya duba, ya ɗaga ta sama, ya juya gabas ya juya yamma, ya mai da ita yana tsaki, jim kaɗan kuma ya sake zarowa, sai ka ce mai leƙa tukunyar da ba a hura wa wuta ba. Samari suka shiga hawan duwatsu da dogayen itatuwa, domin an ce a kan tudu akan tsinci sabis ɗin da ya ɓato daga wata jiha. Ni ma na hau, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, ban samo kome ba sai ƙaiƙayi. Da aka kwana biyu sai wasa ya ƙare. Masu cire wa mutane kuɗi da na'ura suka rufe rumfunansu, dattijon da ɗansa ke turo masa na cefane daga Legas ya koma cin bashi, manomi ya ɗauki masara zuwa kasuwa bai san yadda aka sayar jiya a Ɗandume ba. Abin da ya fi duka muni shi ne jita-jita. In aka ji ƙarar babura daga nesa, babu wanda za a kira a ƙauyen gaba a tambaye shi ko lafiya, sai kowa ya saƙa abin da tsoro ya ba shi. Sau biyu muna kwana cikin dawa saboda labarin da gari ya waye aka ga ba shi da kai ba shi da gindi. A nan na gane abin da magabata ke nufi da suka ce rashin sani ya fi dare duhu.

Ana cikin haka, wajen ƙarshen watan, aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun bayan magariba har asuba, ga iska mai ƙarfi. A wajenmu ɓarnar ba ta wuce katanga biyu uku da dawar da ta kwanta ba. Ashe a Ƙanƙara bangon ɗakin kakata, wanda na ƙasa ne tun ginin marigayi mijinta, ya sha ruwa ya zubo mata a ƙugu da ƙafafu cikin dare. Maƙwabta suka tono ta da ranta aka kai ta asibiti, bakinta bai mutu ba, kuma duk wanda ya shigo duba ta sai ta tambaye shi ko an gaya wa 'yarta ta Faskari. Tun da sassafe Kawu ya tashi ɗansa ya zo ya faɗa mana. A da tafiyar ba ta fi ta awa guda ba in an bi ta Sheme, amma a lokacin an hana motocin haya bin wannan hanya, sai an zagaya ta Funtuwa. Yaron ya sami mota da kyar, dare ya yi masa a Funtuwa ya kwana. Washegari ya iso bakin rafin da ke tsakaninmu da titi, ya tarar ya kawo har ya shanye 'yar gadar da ke kansa, masu babur duk sun ja sun tsaya. Ya sake kwana a wani ƙauye. Sai a rana ta uku da hantsi ya yi sallama a gidanmu, wandonsa duk laka.

Inna na ganinsa ta ajiye taɓarya ta ce, "Lafiya, ɗan nan? Ya ka baro su Yaya?"

Ya durƙusa ya ce, "Gwaggo, Baba ya ce duk abin da kike yi ki bari ki taho. Ɗaki ne ya faɗa wa Kaka."

Ta ce, "Yaushe?"

Ya ce, "Yau kwana uku."

Ba ta ƙara cewa uffan ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi. Ni na raka ta. Wasu samari suka riƙe ta muka ƙetare rafin, ruwa har ƙirji, muka sami mota zuwa Funtuwa, daga can muka kama ta Ƙanƙara. Muna shan kwanar layin gidan muka hango tabarmi a shimfiɗe a ƙofar gida, dattawa zaune. Ashe tun jiya da azahar rai ya yi halinsa, an kai ta da la'asar. Watau labarin da yaron ya kawo mana a hanya ya tsufa, ya ce mana tana jinya alhali tana kabari. Na san ajali ba ya jira, ko da Inna ta iso ba ita za ta hana abin da aka rubuta ba. Amma minti biyu a waya sun isa uwa ta ji muryar 'yarta, su yafi juna, kuma wannan minti biyun ne Inna ba ta samu ba.

Bayan sadakar uku Kawu ya rubuta wasiƙa da ajami ya ba ni in kai wa yayata, ita ce wasiƙa ta farko da na taɓa ɗauka a rayuwata. Na bi ta Funtuwa da Ɗandume na isa Sabuwa da yamma. Na tarar da ita tana tankaɗe, ta taso da murna tana cewa, "Auta, kai ne a tafe? Ya su Inna? Ka leƙa Kaka kuwa kwanan nan?" Kwana biyar ke nan da binne Kakar. Na rasa ta inda zan fara, sai na miƙa mata takardar na sunkuyar da kai.

Bayan shekara biyu, ina ajin farko a nan jami'a, aka haɗa ni ɗaki da wani ɗalibi mai karatun injiniyan lantarki. Wata rana da dare muna jiƙa gari na ba shi wannan labari. Ya yi shiru, can ya ce, "Malam Bahaushe," don haka yake tsokanata saboda fannin da nake karantawa, "ka san kuwa wata biyu kafin wannan abu ya same ku, waya ta yi shiru a wani gari a ƙasar Sin, su kuwa sai suka ɗaga ƙarfen sabis ɗin sama, ya yi ta shawagi a kansu?" Na ɗauka ba'a yake yi, sai da ya nuna mini hotuna, ni ma daga baya na bi diddigi na karanta.

Ga yadda abin ya faru. Ranar 20 ga Yuli 2021 aka yi ruwa a lardin Henan wanda ba a saba ganin irinsa ba, har a birnin Zhengzhou an auna milimita 200 cikin awa guda tak. Wani gari mai suna Mihe ya yanke daga duniya, ba hanya, ba lantarki, ba waya. Washegari aka tayar da wani jirgi maras matuƙi mai suna Wing Loong daga garin Anshun, ya yi tafiyar kilomita wajen 1,200 cikin awa huɗu da rabi, ɗauke da irin na'urar da ake ɗaurawa a kan ƙarfen sabis. Da isarsa ya shiga kewaya garin, sai wayoyin da suka kwana a mace suka farfaɗo. Saƙon farko da ya shigo wa mutane daga kamfanin waya ne, yana sanar da su cewa jirgi ne a samansu, ba zai wuce awa biyar ba, saboda haka kowa ya hanzarta ya faɗi halin da yake ciki, ya nemi danginsa. Mutum fiye da 2,000 suka sami shiga layi a daren. Da na karanta wannan saƙo sai na ajiye wayar na fita waje. Awa biyar! Mu da minti biyu muke nema.

Ba Sinawa ne suka fara ba. A watan Satumba na 2017 wata mahaukaciyar guguwa da aka sa wa suna Mariya ta afka wa tsibirin Puwato Riko, wanda ke ƙarƙashin Amurka, ta kashe kashi 95 cikin 100 na ƙarafunan sabis ɗinsa. A watan Nuwamba kamfanin AT&T ya kai wani ɗan jirgi mai kama da ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, wanda ma'aikatansa ke kira saniya mai tashi, domin in an haɗa haruffan farko na sunansa da Ingilishi kalmar saniya suke bayarwa. Ita wannan saniya a ɗaure take da igiya, takan tashi kamar mita 60 ta tsaya cik, kuma an ce sabis ɗinta kan iya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 100. Haka kuma bayan girgizar ƙasar da aka yi a yankin Noto na Japan ranar 1 ga Janairu 2024, kamfanin SoftBank ya tayar da irin wannan jirgi mai igiya a wajen garin Wajima.

To, yaya ake yi jirgi ya zama ƙarfen sabis? Abokin nawa ya yi mini bayani, ni kuma zan maimaita gwargwadon fahimtar ɗalibin Hausa, injiniyoyi su yi mini afuwa. Ashe waya ba ta magana da 'yar'uwarta kai tsaye. In ka kira wani, muryarka ƙarfen da ya fi kusa da kai take zuwa, shi kuma ya miƙa ta ga cibiyar kamfani, ta wayar da aka binne a ƙasa ko ta farantan nan da muke gani manne a jikinsa, cibiya kuma ta nemo ƙarfen da ke kusa da wanda ka kira. Saboda haka ƙarfe na bukatar abu uku: ya kasance a tsaye, ya sami wuta, ya kuma sami hanyar isa cibiya. Iska na iya kayar da shi, ambaliya na iya shanye janaretansa ko ta hana motar man dizal isowa, zaizayar ƙasa na iya tsinke wayar da aka binne. Ko ɗaya daga cikin ukun nan ya samu matsala, gari ya yi shiru.

Dogon ƙarfen kansa kuwa ba shi ke magana ba, aikinsa kawai ya ɗaga na'ura sama, domin saƙon waya kusan kamar gani yake, tudu da dutse da duhuwar itatuwa suna tare shi. Mutumin da ke tsaye a fili ganinsa ba ya wuce kilomita 5 ƙasa ta lanƙwashe, amma wanda ya hau mita 60 zai hangi wajen kilomita 27. Ashe hawan dutsen da muka yi ta yi a 2021 ba wauta ba ce, ilimi ne muka aikata ba mu san sunansa ba. Tun da tsawo ake nema, duk abin da zai iya ɗaga na'urar sama ya riƙe ta ya zama ƙarfe. Jirage iri biyu ake amfani da su. Akwai ƙarami mai igiya, wanda ake kawowa a bayan mota. Igiyar ce ke kai masa wuta daga janareta, ita ce kuma ke sauko da maganganun mutane zuwa wani faranti a ƙasa, farantin ya aika da su ta tauraron ɗan'adam. Don haka yakan daɗe a sama, ba kamar irin na masu ɗaukar hoton biki ba, wanda batirinsa ba ya wuce rabin awa. Akwai kuma babba irin na Sin, mai shan mai, wanda ke tasowa daga nesa ba ruwansa da karyewar gada, yana magana da tauraro kai tsaye, sai dai in mansa ya yi ƙasa dole ya koma.

Wataƙila mai karatu ya ce, mu da ba mu da girgizar ƙasa, ba mu da guguwar teku, ina ruwanmu da wannan? Sai in tuna masa Jibiya, a nan Jihar Katsina, inda ambaliyar dare ɗaya a watan Yuli na 2018 ta ci mutum fiye da 40. In tuna masa damunar 2022, wadda ambaliyarta ta ci fiye da mutum 600 a faɗin Nijeriya. In tuna masa Maiduguri, da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumba na 2024 ruwa ya mamaye unguwanni, da kuma Mokwa a Jihar Neja, inda ruwan asubar 29 ga Mayu 2025 ya tafi da mutum fiye da 150. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Ban da su akwai ƙananan bala'o'i na kowace damuna, rafi ya kawo ya raba ƙauye da asibiti, iska ta kware rufin unguwa guda, ɗaki ya faɗa wa tsohuwa. A duk irin wannan hali awoyin farko su ne masu tsada, a cikinsu ake tono wanda ke da sauran numfashi, a cikinsu ake gaya wa mutanen gangare cewa ruwa na tafe. In waya ta mutu a wannan lokaci, masu ceto ba su san inda za su nufa ba, dangi kuma su bazama nema su faɗa cikin haɗarin da suka tsira daga gare shi. Shirun da ke biyo bayan bala'i shi ma bala'i ne na biyu, kuma shi wannan na biyun ɗan'adam na da ikon rage shi.

Sai dai kada in zama mai tallan magani a kasuwa, wanda kullum garinsa ke warkar da cuta casa'in da tara. Akwai abubuwan da dole in faɗa a kan wannan dabara, ko da za su rage mata kwarjini.

Na farko, wani zai ce ai shirunku na 2021 ba ruwa ne ya kawo shi ba, ƙarafunanku na tsaye aka kashe su da gangan, jirgi ba zai yi muku kome ba. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma wanda ya ɗanɗana yunwa ya san ta, ko fari ne ya kawo ta ko fara. Watannin nan sun nuna mana abin da zai same mu duk ranar da ruwa ko iska suka yi mana irin wannan aiki. Bugu da ƙari, a ganina ƙarfe mai tashi yana da wani hali da na ƙasa ba shi da shi: an san inda ya tsaya, an san awar da ya zo da awar da zai tafi, yana kuma hannun wanda ya aiko shi. Inda ake tsoron buɗe ƙofa gaba ɗaya, ana iya buɗe taga na ɗan lokaci, ko da don kiran neman agaji kaɗai, irin na lambar 112.

Na biyu, jirgi na da iyakarsa. Ba ya tashi a tsakiyar hadari da tsawa, sai an jira sun lafa. Mutanen da zai ɗauka a lokaci guda ƙidayayyu ne, in kowa ya tsaya gaisuwar ya gida ya aiki ya gajiya, wani ba zai samu shiga ba. In kuma wayarka ba caji, ko jirage goma ne a samanka aikin banza ne. Ga tsada. Kamfanin Loon, ɗan'uwan Google, ya gwada ba da sabis da manyan balan-balan masu tashi kilomita 20 sama, ya yi aiki a Peru da Puwato Riko a 2017, ya fara kasuwanci a Kenya a 2020, amma a watan Janairu na 2021 aka rufe shi domin kuɗin da yake ci ya fi wanda yake kawowa. Saboda haka wannan jirgi ɗan riƙon ƙwarya ne kafin a gyara na ƙasa, bai kamata ya zama hujjar barin ƙauyukan da har yau ba su da ƙarfe ko ɗaya ba.

Na uku shi ne ya fi damuna, watau tsoro. A ƙasarmu in aka ji ƙugin wani abu a sama, mata kan kwashi 'ya'yansu su shige ɗaki. Ba a manta da Tudun Biri ba, a ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna, inda daren 3 ga Disamba 2023 jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam bisa kuskure a kan masu taron Mauludi, mutum aƙalla 85 suka rasu. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. In yau aka wayi gari wani abu na shawagi a saman ƙauyenmu ba sanarwa, wallahi ba wanda zai tsaya duba waya, daji za a nufa. Amma kuma a cikin Jihar Kadunan nan dai, tun 2022 kamfanin Zipline ya fara tayar da ƙananan jirage marasa matuƙa daga Pambeguwa, suna kai magunguna da alluran rigakafi ƙananan asibitoci, su sako su da 'yar lema. Jirgi ɗan aike ne, abin da aka ɗora masa shi yake kaiwa. Abin tambaya shi ne wa ya aiko shi, kuma ko mutanen da aka aiko shi gare su sun san da zuwansa.

A nan ne nake ganin aikin ya fi ƙarfin injiniyoyi su kaɗai. Kakanninmu ba su da waya, amma suna da tsari. In aka buga tambari ko kuge an san daga fada ne, in mai shela ya ɗaga murya a kasuwa an san bakin wa ya ara, in manzo ya iso an san wanda ya aiko shi kafin ya buɗe baki. Saƙo ba ya aiki sai an yarda da mai kawo shi. Don haka in har hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, da takwararta ta jiha, da kamfanonin waya za su tanadi irin wannan jirgi, kuma ina roƙon su tanada, to, a fara tun da rani. A nemi izini tun da wuri, domin tun 2016 ba a tayar da jirgi maras matuƙi a Nijeriya sai da yardar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma ba ranar da ruwa ya ci gari za a fara bin ofis da takarda ba. A ajiye shi a wuri kamar Funtuwa, inda hanyoyin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara suka haɗu. A shafa masa launin da yaro ma zai gane. A kai shi ƙofar hakimi ranar kasuwa, a tayar da shi a gaban dagatai da masu unguwanni da limamai, a bar tsofaffi su kira 'ya'yansu da shi. A yi bayaninsa a rediyo da Hausar da manomi zai fahimta, a koya wa mutane cewa in ya zo magana gajera ake yi, ina nan, ina da rai, muna bukatar kaza. A haɗa shi da faifan hasken rana na cajin waya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ma ɗaliban Hausa muna da namu kason, domin saƙon nan na farko da zai shiga wayar mutanen da ruwa ya ci, wani ne zai rubuta shi. In aka rubuta shi da Ingilishi, ko da Hausar da aka jawo ta da ƙarfi daga Ingilishi, rabin awa biyar ɗin zai ƙare wajen neman mai fassara. Na sha zama ina gwada rubuta shi a bayan littafina, layi biyu kacal, yadda Inna za ta gane da ji ɗaya in an karanta mata, har yau ban gamsu da abin da na rubuta ba.

A watan Disamba na 2021 aka fara maido da layukan. Daren da sabis ya dawo ƙauyenmu, kai ka ce salla ake yi, ko'ina ka juya sai "Kana ji na? Kana ji na?" Bayan isha'i Inna ta fito ta zauna a bakin ƙofa inda ta saba, ta miƙo mini wayar ta ce, "Auta, nemo mini 'yar'uwarka." Ina buɗewa, lambar da ke saman jerin kiran ƙarshe ta Kaka ce, ranar da aka rufe layi, minti huɗu. Na wuce ta da sauri na kira Sabuwa. Har yau ba mu goge lambar ba, Inna ta ce a bar ta.

Allah ya jiƙan Kaka, ya kiyashe mu da ruwan ɓarna. In kuwa an ƙaddara zai zo, Allah ya sa ya tarar mun shirya.